Ina Ake Kwantar da 'Yan Siyasarmu?

Jama'a masu sauraronmu a Funtuwa da Malumfashi, da na Bakori da Ɗanja da Ƙafur, da na Ɗandume da Sabuwa da Faskari, har zuwa Ƙanƙara da Musawa da Matazu, barkanmu da war haka.

Maganar yau ba irin wadda ake son ji da sanyin safiya ba ce, domin maganar kabari ce. Sai dai ku kwantar da hankalinku, wa'azin mutuwa fagen malamai ne, kuma ba su gaza ba. Ni tambayar ɗan jarida na zo da ita. Mutanen nan da suka nemi ƙuri'armu, suka shiga majalisa ko suka hau kujerar minista suna cewa da yawunmu suke magana, idan ta Allah ta kasance a kansu, ina ake kai su a kwantar?

Mu fara da wanda ko yaro ya san sunansa. Mutane da dama sun san Alhaji Mamman Shata da kalangu da 'yan amshi kawai, sun manta cewa ya tsunduma siyasa gadan-gadan. Ya yi kansila a ƙaramar hukumar Kankiya a shekarun 1970, ya yi GNPP a Jamhuriya ta Biyu, sannan a zamanin jam'iyyu biyu na Babangida ya riƙe shugabancin SDP a ƙaramar hukumar Funtuwa, har rigimar cikin gida ta raba shi da kujerar. A Musawa aka haife shi. A Funtuwa ya kafa gida ya tara iyali, nan ne kuma duk mai neman sa yake zuwa. Amma da ya rasu a asibiti a Kano ranar 18 ga Yunin 1999, motar da ta ɗauko gawarsa ba ta yo kudu ba. Daura aka nufa da shi, garin ubangidansa Sarkin Daura Muhammadu Bashar, can aka yi masa sutura. Yau mutumin Funtuwa da ke son ya tsaya a kan kabarin Shata ya yi masa addu'a, sai ya ratsa jihar nan ta Katsina tun daga kudancinta har ƙuryar arewa.

Ga kuma Alhaji Isma'ila Isa Funtuwa, wanda ya kai sunan garin nan duk inda ya shiga. Ya yi ministan albarkatun ruwa a ƙarshen mulkin Shagari, ya kafa jaridar Democrat a Kaduna, kamfaninsa na Bulet ya gina manyan gine-ginen gwamnati a Abuja, kuma kowa ya san kusancinsa da Shugaba Buhari. Ya rasu a Abuja ranar 20 ga Yulin 2020, ana tsakiyar annobar korona, aka kai shi maƙabartar Gudu, inda aka rufe Malam Abba Kyari wata uku kafin nan.

Sai na ukunsu, Mai Shari'a Mamman Nasir. Shi ma ya ɗanɗani siyasa tun ta Jamhuriya ta Farko, lokacin da ya yi ministan shari'a na Jihar Arewa a gwamnatin Sardauna. Ya yi alƙalin Kotun Ƙoli, ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 1978 zuwa 1992, sannan ya ajiye rigar alƙalanci ya ɗaura rawanin Galadiman Katsina, Hakimin Malumfashi. Da ya cika ranar 13 ga Afrilun 2019, Malumfashi aka dawo da shi, a cikin mutanen da ya shekara ashirin da bakwai yana sauraron ƙararsu a zaure.

Mutum uku ke nan daga yanki ɗaya: ɗaya a Daura, ɗaya a Abuja, ɗaya a gida. Kada wani ya ɗauka zargi nake yi. Ƙasa duk ta Allah ce, addini kuma ya yi umarni da gaggauta jana'iza, malamai ma ba su cika son a riƙa yawo da gawa gari-gari babu dalili mai ƙarfi ba. Iyalan kowanne sun yi abin da suka ga ya dace a ranar, Allah ya jiƙansu duka. Abin da nake son mu lura da shi dai shi ne, kowannensu an kwantar da shi ne inda nauyin rayuwarsa ya karkata. Shata ya bi amanar da ke tsakaninsa da ubangidansa. Malam Isma'ila ya bi aikinsa da iyalinsa da abokan harkarsa. Galadima kuwa sarauta ta riga ta dawo da shi gida tun yana da sauran ƙarfi.

To a nan ne tunanina ya tsaya cak. Idan kabari yana bin inda rayuwa ta karkata, ina rayuwar 'yan siyasarmu na yanzu ta karkata? Ku duba da kanku. Gidan da ke Funtuwa ko Malumfashi na Sallah ne da na lokacin zaɓe, sai kuwa idan an yi rasuwa a dangi. 'Ya'ya suna makaranta a Abuja ko Kaduna ko ƙasar waje, likita yana Masar ko Indiya ko Ingila. Mutumin da ya san a ransa cewa da wuya a ɗauko makararsa a bi da ita ta lungun unguwarsu, me zai sa ya san halin da maƙabartar unguwar ke ciki?

Kafin mu je can, bari mu ɗan leƙa yadda aka yi da manyan Arewa, domin hanyoyin sun bambanta. Akwai waɗanda aka rufe a gidajensu. Malam Aminu Kano, da ya rasu ranar 17 ga Afrilun 1983, a cikin gidansa na Gwammaja aka kwantar da shi. Janar Sani Abacha a gidansa na Nasarawa a Kano a 1998. Shugaba Muhammadu Buhari, wanda ya rasu a Landan ranar 13 ga Yulin 2025, bayan kwana biyu aka rufe shi a harabar gidansa da ke Daura. Sardauna Ahmadu Bello, da sojoji suka kashe ranar 15 ga Janairun 1966, yana kwance a gidan Sarkin Musulmi da ke Kaduna. Janar Murtala yana harabar masallacin da ke ɗauke da sunansa a Kano. Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa gwamnati ta kewaye kabarinsa da babban gini a Bauci, aka buɗe shi a 1979, aka ajiye wasu kayansa a gefe domin masu ziyara.

Akwai waɗanda aka mayar ƙauyukansu. Alhaji Shehu Shagari ya rasu a Abuja a ƙarshen Disambar 2018, washegari aka kai shi garin Shagari. Maƙwabtanmu na Nijar sun riƙe wannan al'ada da kyau: Seyni Kountché ya rasu a Faransa a 1987 aka dawo da shi ƙauyensu Fandu, Ibrahim Ba'are Mainasara aka kai shi Dumega a 1999, Tandja Mamadou kuma Maine-Sorowa a 2020. Akwai ma wanda siyasa ta hana shi ƙasar haihuwarsa ko bayan rai ya yi halinsa. Ahmadu Ahijo, shugaban Kamaru na farko, mutumin Garwa, tun 1989 yake kwance a Dakar ta Senegal, ana ta jan maganar dawo da shi shekara da shekaru. Mu ma Turawa sun yi mana irin wannan: Sarkin Kano Alu da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi duk a Lakwaja suke, nesa da garuruwan da suka mulka.

Sannan akwai hanyar da aka bi da Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa. Yana kan kujerar shugaban ƙasa ya rasu, ranar 5 ga Mayun 2010. Washegari aka sauke gawarsa a Katsina, aka sallace shi a filin wasa saboda yawan jama'a, aka ɗauke shi a kafaɗa zuwa maƙabartar Ɗanmarna, wadda ake kai malami da ɗan kasuwa da ɗan dako. Aka tona masa irin ramin da ake tona wa kowa.

Ba zan ɓoye muku ba, ni wannan hanya ta fi kwanta mini. Dalilina na farko na addini ne, kuma ba nawa ba ne, na malamai ne: Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a shafe kabari da farar ƙasa ko a yi gini a kansa, kuma sahabbansa Baƙi'a ake kai su, babba da ƙarami. Har yau sarakunan Saudiyya, da duk dukiyarsu, a maƙabartar Al-Ud ta Riyad ake rufe su babu suna babu allo. Haka aka yi wa Sarki Fahad a 2005, haka aka yi wa Sarki Abdullah a 2015.

Dalili na biyu na zaman duniya ne. Kabari a cikin gida yakan zama ƙulli ga magada. Gidan ba ya sayuwa cikin sauƙi, ba ya rabuwa cikin sauƙi, ga 'ya'ya ashirin ko talatin daga ɗakuna huɗu, kowa da buƙatarsa. Bayan jikoki sun watse, wa zai riƙa share wurin? Mai son ziyara kuma sai ya nemi izinin mai gadi. Gidan Malam Aminu ya tsira daga wannan ne saboda ya fita daga hannun gado ya koma cibiyar bincike ta Mambayya a ƙarƙashin Jami'ar Bayero, da ma'aikata da ɗakin karatu da zauren taro. Gidan ɗan majalisar jiha ko na ciyaman fa? Babu jami'ar da za ta karɓe shi.

Dalili na uku shi ne ainihin abin da ya kawo ni yau. Idan manya suka riƙa janye gawarwakinsu daga maƙabartar gari, wannan ya kwanta a bayan ɗakinsa, wancan a Gudu, to maƙabartar gari ta rasa masu tsaya mata. Abin da ya faru da makarantar firamare ta gwamnati da asibitin gwamnati, ranar da masu hali suka kwashe 'ya'yansu da marasa lafiyarsu, kowa ya gani.

Jama'a, yaushe rabonku da ku zaga maƙabartar garinku ba tare da kun raka gawa ba? Ranar jana'iza ido yana kan makara, ba a ganin komai. Ku je ran da babu kowa. A garuruwa da yawa na yankin nan za ku tarar da katanga ta zube ta gefe ɗaya, ko kuma tun asali ba a yi ta ba, sai 'yan itatuwan cediya ko bini-da-zugu da suka nuna iyaka. Awaki suna kiwo a kai. Masu babur sun fitar da hanya ta tsakiya saboda yanke. Mu kuma nan kudancin Katsina Allah ya ba mu ruwan sama fiye da 'yan'uwanmu na arewa, shi ya sa masara da dawa da auduga da waken suya suke yi mana. Ruwan nan da ke cika rumbu, shi ne yake rufta kaburbura a watan Agusta. Ciyawa ta fi mutum tsawo, macizai su samu gida, ƙasa ta zaizaye, tukwane da itacen rufi su fito fili. Wani lokaci abin da ido zai gani ya wuce a faɗe shi a rediyo.

Ga kuma cikowa. Funtuwa gari ne da jirgin ƙasa da auduga suka raina. Tun da layin dogo ya taso daga Zariya ya bi ta nan zuwa Gusau da Ƙauran Namoda a shekarun 1920, aka kafa injin gurzar auduga, mutane suke ta kwararowa daga ko'ina, har garin ya shafe tsohuwar Maska da aka taso daga cikinta. Filayen da kakanninmu suka ware a bayan gari, yau suna tsakiyar unguwanni. Farashin fuloti ya tashi, dillalan filaye suna zagaye da duk wani sarari, kuma maƙabartar da ba ta da katanga ba ta da takarda, taku ɗaya-ɗaya ake cin ta. Yau an kafa turke, gobe an ja harsashi, jibi an ce ai dama gonar kakan wane ce. Masu haƙa kuma, saboda rashin wuri, sai su tona su tarar da wani a ciki, su mayar da ƙasa su matsa gaba.

Su masu haƙar nan, a yawancin wurare dattawa ne da suka gaji aikin ko suka ɗauke shi don Allah. Abin da suke samu shi ne ɗan abin da masu gawa suka miƙa musu. Diga da shebur da gatari ma sau da yawa sai an yi karo-karo a masallaci. Su ne kaɗai suka san wane ne a ina, kuma a ka suke riƙe da shi.

To aikin wa ne wannan? Ba sai mun yi gardama ba. Kundin Tsarin Mulki na 1999, a Jadawali na Huɗu inda aka lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, ya ambaci samar da maƙabartu da kula da su ƙarara, a jere da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka. Ku lura da bambancin: kasuwa da tasha da mayanka suna kawo kuɗin shiga, don haka ba a taɓa mantawa da su. A da, idan ka tambayi ciyaman, sai ya ce hannunsa a ɗaure yake, kuɗi suna asusun haɗin gwiwa a babban birnin jiha. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ko an aiwatar gaba ɗaya ko ana jan ƙafa, wannan sharhin wata rana ne. Amma yankin nan ƙananan hukumomi goma sha ɗaya gare shi, kowacce da ciyaman da kansiloli, ga 'yan majalisar jiha, ga na tarayya da sanata masu ayyukan mazaɓu a kasafin kuɗi duk shekara. A cikin wannan taro duka a ce an rasa mai kewaye fili da bulo, ya fitar da magudanar ruwa, ya haƙa rijiyar burtsatse domin kwaɓa ƙasar rufi, ya kafa fitilun sola saboda jana'izar dare, ya sa masu haƙa a cikin albashi?

Adalci ne in faɗa cewa akwai masu yi. Akwai ƙungiyoyin matasa da ke fita gayyar nome ciyawa, akwai 'yan kasuwa da suka sayi gona suka bayar wakafi ba su bari an ambaci sunansu ba, akwai ma 'yan siyasar da suka yi katanga. Sai dai irin wannan katangar takan zo da allo mai ɗauke da suna da hoto, kuma takan zo ne ana saura wata shida zaɓe. Mun gode, Allah ya ba da lada gwargwadon niyya. Amma abin da doka ta ɗora wa hukuma bai kamata ya koma kyautar da ake jira daga mai neman kujera ba.

Akwai wani ɓangaren da ke da nauyi a baki, amma dole a taɓa shi. Shekarun nan na ta'addancin 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama a Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara. Mutanen da suka gudo sun bar gonaki da rumbuna, sun kuma bar iyayensu a ƙasa, babu mai zuwa ya gyara musu kabari idan ya rufta. Waɗanda aka kashe a Kadisau a 2020, da masallatan da aka buɗe wa wuta suna sallar asuba a Unguwar Mantau ta Malumfashi a watan Agustan 2025, an rufe su cikin gaggawa da firgici. Manya sun zo ta'aziyya da jiniya sun koma. Waɗannan bayin Allah ba su taɓa tsayawa takara ba, amma siyasa ce ta gaza kare su, kuma sunayensu sun cancanci a rubuta su a wani wuri da ba zai ɓata ba.

Wannan ya kawo ni ga maganar rubutu. Wani zai ce, Malam, kai da ka ce kada a yi gini, kada a kafa allo, to ta yaya za a san inda wane yake? Ai hana gini daban, alama daban. Ya tabbata cewa da aka rufe Usman bin Maz'un a Baƙi'a, Annabi da kansa ya ɗauko dutse ya ajiye ta wajen kansa domin ya riƙa gane kabarin ɗan'uwansa. Maganar rubuta suna a jikin kabari malamai sun yi bayani a kanta, ni ba zan shiga gonarsu ba. Abin da nake nufi bai ma taɓa kabarin ba. Littafi nake nufi, rajista a hannun kwamitin maƙabarta: a raba fili layi-layi, a ba kowane layi lamba a jikin katanga, duk wanda aka kawo a rubuta sunansa da na mahaifinsa da unguwarsa da ranar da aka rufe shi da layin da yake. Kwafi ɗaya wurin liman ko mai unguwa, ɗaya a sakatariyar ƙaramar hukuma. Dillalin masara a kasuwar Ɗandume ya san buhu nawa suka shiga shagonsa, na wane ne, yaushe aka kawo. A ce iyayenmu ba su kai matsayin a buɗe musu littafi irin wannan ba?

Amfaninsa ya wuce na ziyara. Da shi mai haƙa zai san layin da ya daɗe da wanda bai daɗe ba. Da shi za a tsaya gaban alƙali idan wani ya ce filin nasa ne. Da shi maraya zai kafa hujjar ranar rasuwar mahaifinsa wajen rabon gado ko neman haƙƙin fansho.

Kuma da shi za mu fara sanin tarihin siyasarmu, wanda yake zubewa muna kallo. Sunayen da na lissafa a baya duk na waɗanda jaridu suka rubuta ne. Ina sauran? Yankin nan ya ga gwagwarmayar NEPU da NPC tun shekarun 1950, lokacin da riƙe katin jam'iyyar adawa kan iya kai talaka gidan yari ko ya raba shi da gonarsa. Ya ga PRP da NPN lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Kaduna, har aka tsige Gwamna Balarabe Musa a 1981. Ya ga fafutukar da ta haifar da Jihar Katsina a 1987, da ta neman Jihar Karaɗuwa da ta biyo baya. Su wa suka yi wannan duka? Teloli ne da mahauta da malaman makaranta da manoman auduga, da mata masu shiga gida-gida suna tara 'yan'uwansu tun kafin a ba matan Arewa damar jefa ƙuri'a. Akasarinsu suna kwance a maƙabartun da na bayyana muku ɗazu. Ka tara matasa goma a bakin tasha ka tambaye su wa ya fara wakiltar garinsu a majalisar Kaduna, ka ji amsar da za ka samu. Alhaji Wada Nas ma, ɗan Funtuwa da ya taso a NEPU, ya yi minista a gwamnatin Abacha, ya cika shafukan jaridu da rubutu har ya rasu a farkon 2005, yau nawa ne cikin 'yan ƙasa da shekara talatin za su iya gaya maka abin da ya tsaya a kai?

Shata ya yi sa'a ta wannan fuska. Kasa-kasansa suna nan, sannan Ibrahim Sheme, ɗan ƙasar Faskari, da abokan aikinsa sun bi sawunsa sun rubuta tarihinsa a littafin Shata Ikon Allah. Shi ya sa nisan Daura bai ɓatar da shi daga Funtuwa ba. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, wanda shi ma haifaffen Musawa ne, ya nuna cewa ana iya zama da dattawa a garuruwa irin su Maska da Gozaki a fito da tarihin ɗaruruwan shekaru daga bakinsu. Idan an iya tono na zamanin kafin jihadi, na shekara saba'in da suka wuce ba zai gagara ba, muddin an yi sauri, domin waɗanda suka ga Jamhuriya ta Farko da idonsu sun kusa ƙarewa.

Ga Jami'ar Ahmadu Bello a nan kusa da mu, ga ta Tarayya a Dutsin-ma, ga ta Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, duk da sassan tarihi da na kimiyyar siyasa, duk shekara ɗalibai suna neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai. Ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha, ga Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna. A ba kowane ɗalibi gunduma ɗaya: ya je da wayarsa ya naɗi muryar tsofaffi, ya rubuto sunayen duk wanda ya taɓa yin kansila ko wakili ko shugaban jam'iyya a wurin, da abin da ya yi, mai kyau da maras kyau, da inda aka rufe shi. Na ce da maras kyau da gangan. Mun saba idan mutum ya mutu sai a ce a rufa masa asiri, kuma haka ne game da abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa. Amma rijiyar da aka karɓi kuɗinta ba a haƙa ba, wannan tsakaninsa da jama'a ne, ya kamata na baya su sani.

Ga masu girma ciyamomi da kansiloli, da iyayenmu hakimai da dagatai: aikin katanga da magudanar ruwa na rani ne, idan ruwa ya sauka sai dai gyaran ɓarna. A fara da auna filayen a yi musu takarda da sunan al'umma, domin wannan bai kai kuɗin motar ofis guda ba. Ku kuma jama'a, 'yan takara suna nan tafe, za su zauna a zaurukanku su ce ku faɗi buƙatunku. Bayan kun ambaci taki da tsaro da hanya, wani dattijo ya daure ya tambayi mai neman kujerar ko ya taɓa zaga maƙabartar garin, kuma nawa zai sa mata a kasafinsa na shekarar farko. A sa sakataren unguwa ya rubuta amsar da kwanan wata.

Allah ya jiƙan magabatanmu, masu mulki da waɗanda aka mulka, ya kyautata namu zuwan.